Fannonin Ilimin Halayyar Ɗan Adam a Matakin Lasans da Matsayin Harshe a Cikinsu

Gabatarwa

Idan aka ambaci ilimin halayyar ɗan Adam, wanda a jami'a ake kira sikoloji, abu biyu ne ke fara zuwa a ran yawancin mutane: gane abin da ke zuciyar wani daga kallon fuskarsa, ko kuma jinyar masu taɓin hankali. Na farkon babu shi a manhaja ko kaɗan, na biyun kuwa reshe ɗaya ne cikin rassa da dama. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, sashen wannan ilimi da na kimiyyar harshe suna ƙarƙashin tsangaya guda, amma ba kasafai ɗalibin ɗaya ke sanin abin da ake koyarwa a ajin ɗayan ba. Wannan maƙala za ta bi fannonin da ɗalibi ke ratsawa cikin shekaru 3 na lasans, wato zango 6. Sunayen darussa da jerinsu sukan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ginshiƙan ɗaya ne. Za a kuma nuna cewa a kusan kowane fanni harshe ne mudun da ake awon mutum da shi, kuma idan mudun ya karkace, yaron makaranta ko majinyaci ne ke ɗaukar asarar.

1. Tarihi, Hanyoyin Bincike da Ƙididdiga

Galibi ana ɗaukar shekarar 1879 a matsayin mafarin wannan ilimi, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Laifzig na ƙasar Jamus. Kafin nan masana falsafa ne ke tattauna batun rai da hankali. Daga nan aka shiga auna su. Saboda haka ɗalibin shekarar farko yakan tarar da lissafi yana jiransa. Yana koyon tsara gwaji, da zaɓen waɗanda za a yi binciken a kansu, da ƙididdiga, da kuma ƙa'idar cewa haɗuwar abubuwa biyu ba ta tabbatar da ɗaya ne sanadin ɗaya. A watan Afirilu cinikin ƙanƙara yana ƙaruwa, ciwon kai ma yana ƙaruwa, alhali zafin rana ne ya haddasa su duka.

A wannan darasi ne ake tambayar su wa aka auna. Wani nazari da Jeffrey Arnett ya wallafa a 2008 a kan manyan mujallun fannin guda 6 ya nuna kimanin kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi bincike a kansu ƴan Amurka ne. Don haka abin da littafi ya kira halin ɗan Adam, sau da yawa halin mutanen wata ƙasa ne da ke magana da wani harshe.

2. Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi

Fanni na biyu ya jingina da ilimin halittu. Ana nazarin ƙwayoyin jijiya, waɗanda yawansu a ƙwaƙwalwa ya kai kimanin miliyar 86, da yadda saƙo ke tsallakawa daga wata zuwa wata, da aikin gani, ji, barci da tsoro. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya duba wani majinyaci da ke fahimtar magana amma ba ya iya furta komai sai gaɓa ɗaya, "tan". Bayan rasuwarsa aka tarar da illa a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. A 1874 Carl Wernicke ya bayyana akasin haka: majinyata masu magana ba gargada amma ba ma'ana, kuma ba sa fahimtar abin da aka ce musu.

Wannan matsala takan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki. Gwajin da aka tsara da Faransanci ba zai bincika karin sauti ko tsawon wasali ba, domin ba da su Faransanci ke rarrabe kalmomi ba. A Hausa kuwa karin sauti ne ya raba kukan jariri da kukar miya, tsawon wasali ne ya raba garin Maraɗi da garin tuwo.

3. Fahimta, Tuni da Mantuwa

Wannan fanni yana duba yadda mutum ke lura, da ajiye abu a ka, da yanke shawara. Hermann Ebbinghaus ya nuna a 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne cikin sa'o'in farko bayan hadda, sannan ta riƙa raguwa, abin da ya sa tilawa a kai a kai ta fi karatun dare ɗaya amfani. George Miller ya bayyana a 1956 cewa abin da mutum ke riƙewa a ka nan take bai cika wuce abubuwa 5 zuwa 9 ba. Daga baya Alan Baddeley da abokan aikinsa suka nuna a 1975 cewa tsawon kalma yana da tasiri: mutum yakan riƙe gwargwadon abin da zai iya furtawa cikin kimanin daƙiƙa 2.

Sakamakon wannan yana da girma. Ɗaya daga cikin sassan gwajin basira shi ne a karanta wa yaro jerin lambobi ya maimaita. A 1980 Ellis da Hennelly suka gano cewa masu jin Ingilishi da harshen Welsh na Birtaniya sun fi riƙe lambobi da Ingilishi, saboda sunayen lambobin Welsh sun fi ɗaukar lokaci a baki. Sai mai karatu ya ƙirga da Hausa: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Kowace gaɓa biyu ce, alhali takwarorinsu na Faransanci kusan duk gaɓa ɗaya ne. Lambobi 7 sun zama gaɓa 14 ke nan. Bisa wannan ƙa'ida, idan aka fassara gwajin zuwa Hausa aka bar ma'aunin makin yaran Faransa, ana iya rubuta wa yaro lafiyayye ƙarancin basira, alhali tsawon kalmomi aka auna.

4. Koyo da Girman Yaro

Darasin koyo yakan fara da Ivan Pavlov na Rasha, wanda karnukansa suka riƙa zubar da yawu da jin alamar da suka saba ji kafin abinci, sannan B. F. Skinner, wanda ya nuna yadda lada da horo ke gina ɗabi'a. Skinner ya faɗaɗa ra'ayinsa zuwa harshe a 1957, Noam Chomsky ya mayar masa da martani a 1959 da hujjar cewa yaro yana furta jimlolin da bai taɓa ji ba. A 1958 Jean Berko ta ba yara kalmomin ƙirƙira ta nemi jam'insu, suka kawo shi daidai da ƙa'idar Ingilishi, wanda ke nuna ƙa'ida suka koya. Jam'in Ingilishi kusan hanya ɗaya yake bi. Na Hausa yana da hanyoyi da yawa: taga da tagogi, riga da riguna, kifi da kifaye, malam da malamai, gida da gidaje. Wace hanya yaro ɗan shekara 4 a Tawa zai bi idan aka ba shi kalmar da bai sani ba? Tambaya ce da ta isa kundin mastar.

A ɓangaren girma, Jean Piaget na Suwizalan ya kasa tunanin yaro mataki 4: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sai daga 11 zuwa sama. A sanannen gwajinsa ana juye ruwa daga gajeren kofi zuwa dogo, a sake tambayar yaro wanne ya fi yawa. Bincike na baya ya nuna maimaita tambayar kansa yana sa wasu yara su sauya amsa, domin suna zaton babba bai gamsu da ta farko ba. A gidan da ake tarbiyyantar da yaro kan kunya da rashin musu da na gaba, dole mai gwaji ya yi la'akari da wannan. Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya ƙara da cewa tunanin yaro yana ginuwa ne ta hanyar zance da manya.

5. Halayyar Zamantakewa

A nan ana nazarin yadda jama'a ke juya mutum. A gwajin Solomon Asch na 1951, kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshi sun bi ra'ayin taro a kan tsawon layi, ko da yake kuskuren taron a fili yake. A gwajin Stanley Milgram da aka wallafa a 1963, mutum 26 cikin 40 sun bi umarni har zuwa maɓallin ƙarshe na wutar lantarki, suna zaton da gaske wani suke azabtarwa. Irin wannan gwaji yana cikin dalilan da suka sa yanzu ake koyar da ladubban bincike, kamar neman yardar mutum da kare sirrinsa.

A 1960 Wallace Lambert da abokan aikinsa a Kanada suka sa masu harshe biyu karanta rubutu ɗaya da Ingilishi da Faransanci. Masu sauraro, har da masu Faransancin, suka fi yaba basirar muryar Ingilishi, ba su san mutum ɗaya ne ba. Da wannan dabara ana iya auna yadda muke kallon mai Hausar Adar, ko Gobir, ko Damagaram.

6. Ɗabi'a da Awon Basira

Fitacciyar ƙa'idar da ta kasa ɗabi'a gida 5, wato buɗaɗɗen tunani, kula da aiki, son shiga jama'a, sauƙin kai da saurin damuwa, tushenta ƙamus ne. A 1936 Allport da Odbert suka tsamo kalmomi kusan 18,000 masu bayyana hali daga ƙamus ɗin Ingilishi, waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta tace su. Mai nazari zai tambaya ina kara, kawaici da dattako za su zauna a wannan rabo. Anthony Kirk-Greene ya yi nazari a 1974 a kan siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, irin su gaskiya, amana, haƙuri, kunya da mutunci, kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana nan ga mai son bin sawun Allport da Hausa.

Gwajin basira na farko, na Binet da Simon a 1905, an yi shi ne domin gano yaran makarantun Faransa masu bukatar ƙarin taimako. Da aka kai irin waɗannan gwaje-gwaje Laberiya, manoman Kpelle suka haɗa wuƙa da abin da ake yankawa da ita, maimakon ware kayan aiki gefe da abinci gefe. Da mai binciken ya tambayi yadda wawa zai jera su, sai suka kawo jerin da gwajin ke ba maki.

7. Jinya da Sauran Fannonin Aiki

A shekarar ƙarshe darussa sukan karkata ga aiki: cututtukan ƙwaƙwalwa, dabarun ganawa da majinyaci, ra'ayoyin Sigmund Freud da na masu sukarsa, sai halayyar makaranta da ta wurin aiki. Masanin halayya ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne. Likita ke rubuta magani, shi kuwa sauraro da gwaji da zance ne kayan aikinsa. Majinyacin da ya ce jikinsa ya mutu, ko tunani ya yi masa yawa, ko zuciyarsa ta ƙi daɗi, yana iya nufin ciwon damuwa, amma tafintan da ya fassara kalma da kalma zai kai shi layin masu zazzaɓi. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a Najeriya, domin jinya ta gudana cikin al'adarsu.

Kammalawa

An ga cewa karatun lasans a wannan fanni ya ƙunshi ƙididdiga, ilimin jijiyoyi, fahimta, koyo, girman yaro, zamantakewa, ɗabi'a da jinya. An kuma ga cewa yawancin ma'aunansa an ƙera su ne da harsunan Turai. Fassara kaɗai ba ta wadatar ba, sai an sake tsara gwajin an fitar da ma'aunin maki daga masu harshen kansu. Masanin halayya ya san awo, mai nazarin harshe ya san gaɓa da karin sauti da ma'ana, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Ga ƴan uwa masu neman batun kundi, akwai guda uku a wannan maƙala: riƙe lambobi da Hausa da Faransanci, koyon jam'i a bakin yara, da tattara kalmomin da majinyata ke bayyana damuwa da su a Hausa, Zabarmanci da Fillanci.