Karatun Gida a Lokacin Damina

Mu 'yan makarantar kwana ƙararrawa ce ke juya mu. Ita ke tashinmu, ita ke kai mu aji, ita ke kiranmu ɗakin cin abinci. Saboda haka da yawa cikinmu sun ɗauka ba a samun ilmi sai inda akwai ƙararrawa da benci. To, akwai gidajen da iyaye ke koyar da 'ya'yansu da kansu, ba su kai su makaranta. Nufina a nan in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda irin wannan gida ke tafiya da damina, lokacin da aiki ya fi yawa.

Abin ba sabo ba ne. A Amurka, tun 1993 doka ta yarda da shi a jihohinsu hamsin duka, amma a Jamus an hana. Mu kuwa nan mun san Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793. A gida ta yi karatu, har ta kai tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Gidan da na sani shi ne na baffana, yayan mahaifina, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya ya koma ƙauye noma. Ya soma koyar da 'ya'yansa biyar a watan Maris na 2020, sa'ad da aka rufe makarantu saboda cutar Korona. Da aka buɗe bai mai da su ba, don makarantar na da nisa, kuma rafi kan tare hanya da damina. Can nakan yi dogon hutuna, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba.

A gidan nan hadari ne hedimasta. Bayan sallar Asuba kowa ya ɗauki allonsa, in rana ta fito a sha koko a nufi gona. Lokacin da nake zuwa an gama noman firi, ana maimai. Da Azahar a dawo, sai karatun boko a zaure har La'asar. Amma ran da aka wayi gari da marka, kamar yadda akan yi cikin Agusta, sai a juya tsarin, watau a yi boko da safe, in ruwa ya ɗauke a fita da fartanya.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda Baffa ke ciro darasi daga cikin aikin. Alal misali, da zakkar amfanin gona ya koya musu kashi cikin ɗari. Ya ce nisabin hatsi sa'i 300 ne. In ruwan sama ya shayar da shuka, ana fid da ɗaya bisa goma, in kuwa da wahalar ban ruwa aka noma, ɗaya bisa ashirin. Sai ya tambaya, manomin da ya sami dami 70 na gero, nawa zai fitar? Mai buhu 40 na alkamar rani fa? Ƙanena ɗan shekara tara ya ce bakwai da biyu, bai ko taɓa alli ba. Daga nan Baffa ya nuna musu ai shi ne kashi 10 da kashi 5 cikin 100. Mu a aji, wannan babi sai da ya ci mana mako biyu.

Haka kuma wata rana ya sa muka tono ƙuduji a hankali, muka ga yadda saiwarsa ta manne wa ta gero tana tsotse abincinsa. Ya tuge wake ya nuna mana 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, inda ƙwayoyin halitta ke tara sinadarin naitirojin da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. Shi ya sa manomanmu ke haɗa gero da wake a gona guda. Ni na sha zana wannan saiwa a littafina, amma ran nan na fara riƙe ta a hannu.

Cikin gida kuwa Inna ke da iko. Ana surfe, ana daka, ana tsinkar zogale da rama, ana kai wa awaki ciyawa. Takan yi ƙuli-ƙuli na sayarwa ran kasuwa, babbar 'yarta mai shekara goma sha biyu ita ke rubuta abin da aka kashe da abin da aka samu. Da dare a kunna fitila mai aiki da hasken rana, a riƙa karɓa-karɓa ana karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam da ƙarfi.

Duk da haka, ni dai a ganina akwai giɓi. Malami ɗaya ne tak, kuma da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi kwana goma, boko ya tsaya cik. Babu ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Yaran suna karanta Turanci sarai, amma bakinsu na nauyi wajen magana, don ba su da abokan yi. Daɗin daɗawa, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Nijeriya su tabbata 'ya'yansu sun yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara ke nan. Gaskiya ne hukumar WAEC na da jarrabawa ta masu zaman kansu, amma kafin yaro ya kai can akwai tafiya.

A kan babbar 'yar ne maganar ta taso, don ita aikin jinya take so. Mahaifina ya zo cikin hutun ya ce, "Yaya, ka yi ƙoƙari, amma zaure ba ya ba da takardar shaida." Baffa ya ce, "Na ji. Sai dai ba zan kai ta inda za ta zauna cikin yara ɗari ta manta abin da ta sani ba." Suka kwana biyu suna ja.

Daga baya suka shirya a kan ta koma birni wurin Gwaggo, ta shiga aji shida a Satumba don ta zauna jarrabawar shiga sakandare. Ƙannenta huɗu za su ci gaba a zaure tukuna. Kuɗin littattafanta kuwa mahaifina ya ranta, Baffa zai biya in an cire gyaɗa.