Yadda Ake Karanta Hasashen Igiyar Ruwa a Waya: Darasi Daga Gaɓar Arewacin Oahu

A gaɓar arewacin tsibirin Oahu da ke jihar Hawai ta Amurka, masu wasan hawa igiyar ruwa ba sa ɗaukar allonsu sai sun duba waya. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, guguwar da ke kaɗawa a arewacin Tekun Fasifik tana turo manyan igiyoyi zuwa wurare irin su Pipeline, Sunset da Waimea. Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya buɗe manhaja kamar Surfline ko Windy, ya kalli tsayin igiya kawai, ya yanke hukunci. Abubuwa huɗu ne ke nuna ko rana ta dace.

Na farko: tazarar igiyoyi

Kusa da tsayin igiya akwai wata lamba da ke nuna daƙiƙoƙin da ke tsakanin igiya da mai bi mata. Idan tazarar ba ta wuce daƙiƙa 8 ba, iskar kusa ce ta tayar da ruwan, kuma igiyoyin za su zo a hargitse. Idan ta kai 14 zuwa sama, daga nesa suka taso, suna zuwa a jere da ƙarfi mai yawa. Igiya mai tazarar daƙiƙa 8 tsawonta kusan mita 100 ne, amma mai daƙiƙa 16 tana kai mita 400. Shi ya sa igiya mai mita 2 a manhaja za ta iya zama wasa yau, gobe ta zama haɗari.

Na biyu: inda ruwan ya fito

Manhajar tana nuna wannan da kibiya ko da digiri. Pipeline ta fi kyau da igiyar da ta fito daga yamma maso arewa. Idan alkiblar ta sauya, gaɓar da ke kusa tana iya fin ta kyau a rana guda.

Na uku: iska

Iskar da ke busowa daga tudu zuwa teku tana gyara fuskar igiya, ta sa ta miƙe sumul. Wadda ke fitowa daga teku zuwa tudu kuwa rusa ta take yi. Sau da yawa iska ta fi laushi da sassafe, don haka mutum ya duba hasashen awa-awa, kada ya tsaya kan na yini gaba ɗaya.

Na huɗu: cika da janyewar teku

A Pipeline igiya tana fashewa ne a kan duwatsun murjani, inda ruwa ba shi da zurfi. Wanda ya faɗi a nan yana iya buguwa da dutse, kuma an rasa rayuka a wurin. Jadawalin cikar teku yana cikin manhajar.

Kwana nawa hasashe ke da tabbas?

Windy tana ba mutum damar sauyawa tsakanin tsarin ECMWF na Turai da GFS na Amurka. Idan sun yi daidai kan kwana biyu ko uku masu zuwa, za a iya tsara fita. Na mako guda kuwa yana yawan canzawa. A safiyar ranar, abin dogaro shi ne na'urorin aune da ke shawagi a teku, waɗanda hukumar NOAA ke wallafa bayanansu kyauta. Igiya mai tazarar daƙiƙa 15 tana tafiyar kusan kilomita 42 a awa, don haka na'urar da ke can arewa maso yamma tana ganin ta sa'o'i da dama kafin ta iso gaɓa.

Sai kuma a kula da ma'auni. Wasu manhajojin suna amfani da ƙafa, wasu mita, kuma mutanen Hawai suna da nasu lissafin da ke faɗin kusan rabin tsayin fuskar igiya. Gasar tunawa da Eddie Aikau a Waimea ba a yin ta sai igiya ta kai ƙafa 20 a wannan ma'aunin, wato kusan ƙafa 40 a zahiri. Bayan ta 2016 ba a sake yi ba sai Janairun 2023.

Bayan duk wannan, mai koyo ya kalli kyamarar gaɓa a wayarsa, ya tambayi jami'an ceto idan ya isa. Idan sun kafa alamar gargaɗi, ya haƙura ya koma gaɓar kudu kamar Waikiki, inda ruwa ya fi kwanciya a wannan lokacin.