Jinin da ke Cikin Saiwar Gyaɗa

Duk manomin da ya taɓa tonon gyaɗa ko wake ya ga waɗansu 'yan ƙululu manne da saiwar. Waɗansu kan zaci cuta ce, alhali kuwa taki ne. Cikin ko wane ƙululu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, aikinsu su kama naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka. Shi kuwa naitirojin, kashi 78 cikin 100 na iska duk shi ne, amma gero da dawa ba su iya cinsa haka nan.

In an fasa ƙululu mai lafiya da farce, sai a ga cikinsa ja-ja kamar nama. A shekarar 1939 wani masani a Japan, wai shi Kubo, ya gano jan nan ɗan'uwan jan jinin mutum ne, watau wani furotin da ke riƙe da sinadarin ƙarfe. Dalilinsa ga shi. Ƙwayoyin nan suna bukatar oksijin don numfashi, amma in ya yi yawa sai ya kashe abin da suke kama naitirojin da shi. To, jan furotin ɗin shi ne ma'aji, ya kama oksijin, ya riƙa miƙa musu kaɗan-kaɗan.

Yaya masana ke fid da shi su auna? Da fari sai a tsinke ƙululun, a wanke da tataccen ruwa, a sa cikin ƙanƙara nan da nan. Sanyi shi ne rabin aikin, gama zafi yakan ɓata furotin kamar yadda wuta ke sandarar da ƙwai. Sa'an nan a daka cikin ɗan turmin tangaran mai sanyi, tare da wani ruwa da aka haɗa don kada tsami ya shiga. Akwai wata wahala kuma. Naman tsiro in an farfasa shi yakan rine, kamar yankakkiyar doya in ta sha iska, rinin nan kuwa yakan manne wa furotin. Saboda haka akan zuba magani mai hana shi tun kafin a soma daka.

Bayan an tace da ƙyalle, sai a sa cikin wata na'ura mai juyi da tsananin sauri. Dusar ta kwanta ƙasa kamar yadda kamu ke kwanciya a ƙwarya, jan ruwa ya tsaya bisa. A nan ne ake barbaɗa gishirin salfa, irin wanda ake zuba wa gona, sai dai na ɗakin gwaji tsarkakakke ne. Zubin fari ya kwantar da tarkacen da ba a so, a zubar. Zubi na biyu ya kwantar da jan. A raba shi da gishirin, a haska masa fitila cikin wani ma'auni, gwargwadon hasken da ya shanye, gwargwadon yawansa.

Manomi ba shi da wannan na'ura, amma yana da ido, shi ma kuwa ya isa. Wajen mako 6 bayan shuka, lokacin da gyaɗa ta yi fure, a haƙo gindi uku ko huɗu da fartanya. Kada a tumɓuke, ƙululun yakan zube cikin ƙasa. In cikinsu ja ne, suna aiki, kuɗin da za a kashe kan takin naitirojin mai yawa asara ce, gara a sayi supa. In fari ne, ko dai ba su ƙosa ba, ko ba su da amfani, sai a sake dubawa bayan mako 2. Kore kuwa ya tsufa, ya bar aiki, fari ko kwanciyar ruwa a gona sukan gaggauta haka.

A lura da abu guda. Ƙululun kirki yana jikin saiwa daga gefe, in an murza sai ya fita. Wanda saiwar da kanta ta kumbura, ba ya ɓamɓaruwa, wannan aikin wata 'yar tsutsa ce, cuta ce sosai, gonar tana bukatar a sauya mata shuka baɗi.