Ku Fara da Tsofaffin Gidanku

'Ya'yana da ke jami'a, musamman ku 'yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ga wata 'yar shawara.

Na ji ana koya muku nazarin jinsi da tarihin karkara, kuna ta muhawara kan aƙidar 'yancin mata, wasu na yabo, wasu na tsoron kada ta ci karo da addini. Ku yi karatunku da kyau, ku auna komai da hankali. Sai dai abin da ke damuna shi ne, idan lokacin binciken kammala digiri ya zo, sai ku kwashi ra'ayin marubutan Amurka da Ingila ku jera, ku bar tsohuwa a ɗaka ba wanda ya tambaye ta komai.

Kowa ya san Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya rasu a 1955. An yi ta rubutu kan fataucinsa na goro da gyaɗa. To, Tata fa, tsohuwar da ta rene shi har sunanta ya bi zuriyarsa? Mahaifiyarsa Amarya kuma 'yar kasuwa ce da ta kai har Ankara ta ƙasar Gana. Layi nawa aka ba su a littafi?

Kada ku ce hira da tsohuwa ba ilimi ba ce. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau, ta rubuta labarin rayuwarta, littafin ya fito a 1954, har gobe jami'o'in duniya na karanta shi. Baƙuwa ce fa, sai da ta koyi Hausa. Ku kuwa da ita kuka tashi.

Aiki na nan jibge. Da aka gina madatsar Tiga, ƙauyuka sun tashi. Wa ya bi kadin gonakin da mata suka gada, da gayaunarsu? A Riruwai an daɗe ana haƙar kuza. Wane aiki mata suka yi a wurin, nawa aka biya su?

In kun je wurin tsofaffin, ku durƙusa ku gaida su, ku nemi izini kafin ku kunna waya. Kada ku sa musu magana a baki don ta dace da abin da malami ya koyar. Maza ma ku je, ba aikin 'yan mata kaɗai ba ne.

Tsofaffin nan kullum raguwa suke. Don Allah, hutun nan mai zuwa ku fara. Allah ya yi muku albarka.