Yini Guda a Jos: Ginin Ƙasa da Safe, Tafkin Rayfield da La'asar

Wani abokina ya dawo daga ƙasar Sin yana ta nuna mini hotunan Tafkin Yamma na birnin Hangzhou: ruwa kwance lumui, ga dogayen hasumiyoyin mabiya addinin Buddha a kan tuddai. Ya ce ina ma muna da irinsa. Na ce masa ai a Jos akwai ruwan, akwai ginin ibadar, sai dai ba wuri ɗaya suke ba, kai za ka haɗa su da kanka.

Tun da hantsi ka fara da Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Ka leƙa kawunan yumɓun Nok, amma kada ka ƙarar da ƙarfinka a nan. Abin da ya kawo ka yana sashen gine-ginen gargajiya, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. In ka shiga masallacin, ɗaga kai ka dubi bakan gizon nan, yadda ƙasa da azara kawai suka riƙe rufi ba ƙarfe ba siminti. Kada ka jingina da bango don ɗaukar hoto. Ruwan saman Jos ba ya raga wa ginin ƙasa.

Bayan azahar ka ci abinci, ka tari keke ko tasi zuwa Rayfield. Ku gama ciniki kafin ka hau, ka kuma karɓi lambar direban don dawowa.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne. Tafkin Rayfield tsohon ramin kuza ne, ɗaya daga cikin ɗimbin ramukan da kamfanonin Turawa suka haƙa suka bari, ruwa ya cike su. Kogi kan yi zurfi sannu a hankali, kana tafiya yana hawa gwiwa zuwa ƙugu. Ramin kuza ba ya haka. Taku biyu daga gaɓa sai ka ji ba ƙasa, ga laka, ga ruwa mai sanyin da ke ɗaure jijiya. Ko kai ɗan Argungu ne, bar iyonka a gida. In za ku hau kwalekwale, kowa ya sa rigar kariya a ɗaure ta tamau, in babu ita ku haƙura. Yara kuwa hannunsu a naka.

Lokacin da na fi so shi ne bayan la'asar, sa'ad da rana ta karkata, inuwar bishiyoyi ta kwanta a kan ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba fargabar ruwan sama, sai dai sanyi. Garin yana sama da mita 1,200 daga doron teku, kuma da rana ta faɗi za ka gane haka a haƙoranka. Na taɓa zuwa da 'yar shara a watan Disamba, ƙarshenta a gaban tukubar mai tsire na ƙarasa yammacin.

Ka riƙe canji a aljihu saboda kuɗin shiga, ka tambayi ɗan gari halin da hanya take ciki kafin ka fito, ka kuma kama hanyar masauki kafin magariba.