Babbar Kawa ta Teku: Yadda A Ke Gane Lafiyarta

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan wata dabbar ruwa ne wadda ba a samunta a ƙasarmu, amma tana da dangi a wurinmu. Mutanen Rano da Kibiya sun san ƙumba, wadda a kan tsinta cikin yashi a bakin rafi, ko a gefen ruwan Tiga, watau madatsar da aka gama a kan Kogin Kano a 1974. To, a cikin teku akwai irinta mai girman gaske, ita ce babbar kawa. Masana suna ce da ita Tridacna.

1. Inda ta ke zaune

Gidanta Tekun Indiya da Tekun Pasifik, cikin ruwa mai ɗumi marar zurfi, a tsakanin duwatsun murjani. Babu ita a tekun Ikko. A 1817 aka sami wata a gaɓar Sumatra, tsawonta ƙafa 4 da rabi, ɓawonta biyu kuwa kilo 230, watau sun fi buhu biyu na gero nauyi. Akwai ƙananan iri kuma, su ne mutane su kan ajiye a gida cikin akwatin gilashi, da ruwa mai gishiri kamar giram 35 cikin kowace lita, da fitila mai haske ƙwarai.

2. Abincinta

Ƙumbarmu ta kan ɓuya cikin laka, ta tace abinci daga ruwa. Babbar kawa ma tana tacewa, amma hasken rana ta fi dogara da shi. Ga dalili. Cikin fatarta akwai ƙananan tsiro dangin gansakuka, waɗanda ido ba ya gani. Su su kan yi abinci da hasken rana, su ba ta. Ita kuwa ta ba su masauki da abin da jikinta ya fitar, ya zama musu taki. Mun san irin wannan ma'amala: makiyayi ya sauka a gona bayan girbi, shanu su ci kara, su bar wa manomi taki. Wani masani na Ingila, Maurice Yonge, wanda ya shugabanci masu bincike a gaɓar Ostareliya daga 1928 zuwa 1929, ya yi rubutu a kan wannan a 1936.

3. Halinta sa'ad da ta ke lafiya

Da rana ta kan buɗe, ta shimfiɗa fatarta mai launi domin ta sha haske. A jikin fatar akwai ƙananan idanu da yawa. Idan inuwa ta gifta, sai ta janye maza, ta ɗan rufe, jim kaɗan ta sake buɗewa. Wannan ba ciwo ba ne, shaidar lafiya ce. Da dare ta kan janye fatar, ta rufe kaɗan. Wani lokaci ta kan matse ɓawonta farat ɗaya, ta feso ruwa, gama tana kakkaɓe yashi da datti ne.

Ƙarama ta kan ɗaure kanta a jikin dutse da zaruruwa masu ƙarfi daga ƙarƙashinta. Wanda ya fizge ta domin ya sake mata wuri, ya ji mata rauni ke nan, har ta yiwu ta mutu. Farin baki sabo a gefen ɓawo kuwa alama ce tana girma. Idan ta balaga ta kan fesa iri cikin ruwa, na namiji tukuna, sa'an nan ƙwai, har ruwan ya yi fari. Mai ita sai ya sake wani kashi na ruwan.

An daɗe ana cewa ta kan kama ƙafar mai ninƙaya ta riƙe shi har ya mutu. Ba a taɓa tabbatar da haka ba. A hankali ta ke rufewa, manyan ma ba su iya haɗe bakinsu sarai.

4. Alamun ciwo

Idan ta wage baki, fatar ta noƙe ciki, ba ta kuwa kula da inuwa, mutuwa ta yi kusa. Idan launinta ya koɗe ta yi fari, baƙinta na cikin fata sun ragu, sau da yawa sabo da ƙarancin haske ko yawan zafin ruwa. Akwai kuma wasu 'yan katantanwa farare, girmansu kamar ƙwayar shinkafa, masu tsotse ta da dare. Sai a haska fitila a tsince su.

5. Abin koyo

Wannan halitta tana ƙarewa, gama an yi ta kwasarta domin namanta da ɓawonta. Tun 1985 dukan irinta suna ƙarƙashin yarjejeniyar duniya mai tsare cinikin dabbobi, a 2024 kuwa aka sa mafi girmansu cikin masu gab da ɓacewa. Sabo da haka ba ƙaramar hasara ba ce mutum ya kashe ɗaya da rashin sani.

Mu kuma da ke kiwon kifi a kududdufi, darasin namu ne. Tarwaɗa ta kan taso ta shaƙi iska ta koma, halinta ke nan. Amma idan karfasa suka taru a saman ruwa da asuba suna haki, iskar ruwan ta ƙare, sai a ƙara sabon ruwa ba da jinkiri ba. Wanda bai san halin dabba sa'ad da ta ke lafiya ba, ba zai gane ciwonta ba. Zai ba mai lafiya magani, ya ƙyale marar lafiya. Mu riƙa duban abin kiwonmu kowace rana, tun ba abin da ya same shi.

Tambayoyi

1. Don me babbar kawa ta ke bukatar haske?
2. Faɗi halayenta uku na lafiya, da alamu biyu na ciwo.
3. Wane hali ne na dabbar da ka ke kiwo wanda baƙo zai ɗauka ciwo ne?