Bayan an naɗe tabarmin makoki

'Yata, sannu da rashi.

An ce tun ranar jana'iza kike haɗiye kuka, wai kada a ce ba ki da bangaskiya. Wa ya gaya miki haka? Buɗe Yohanna sura 11. A Baitanya, da aka rasa Li'azaru, Ubangiji Yesu da kansa sai da hawaye suka zubo masa, alhali ya san zai tashe shi. Abin da Bulus ya hana mutanen Tasalonika shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Bai hana kuka ba. Kukan da aka danne ba ya tafiya ko'ina. Yakan koma ciwon kai da rashin barci, ko ki riƙa yi wa yara faɗa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Yanzu gida cike yake. Masu gaisuwa sun zo daga Kiru da Doguwa, maƙwabtanmu Musulmi ma sun zo sun zauna, Allah ya saka musu. Wuyar tana gaba, ranar da aka mayar da bencin majami'a, kika auna garin tuwo, sai kika ga kin sa har da rabon marigayi maigidanki.

Ranar nan za ki so ki kulle ƙofa. Ki daure ki buɗe wa 'yan Zumuntar Mata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A cikin ikkilisiyoyinmu akwai waɗanda suka ga watan Satumba na 2007 a Tudun Wadan Dankadai, lokacin da aka rasa rayuka, aka ƙone majami'u. Irinsu ba sa doguwar huɗuba. Su share miki tsakar gida, su ɗora tukunya, su zauna. Abokan Ayuba ma kwana bakwai suka yi tare da shi ba magana, kuma nan suka kyauta. Inda suka ɓata shi ne da suka fara nemo masa dalili.

Ke ma za a kawo miki dalili. Wani zai ce alhaki ne, wata ta raɗa miki cewa da hannun wance. Ki gode musu, don yawanci tausayi ne ya kawo su, amma kada ki ɗauka. Zargi in ya shiga gida yakan raba marayu da dangin ubansu, su kuwa yanzu ne suke bukatarsu.

Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. In idonki ya kasa, ba babbar 'yarki ta karanta miki Zabura 23 da daddare, ƙannenta suna ji. In matasan ikkilisiya suka ce za su yi miki gayya a gonar masara, kada kunya ta sa ki ce a'a, ciyawa ba ta jira. Ran Lahadi zan biyo miki mu tafi sujada tare.